Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Innarmu

Alhamdulillahi. Jiya likita ya duba sabon hoton zuciyar Innarmu, ya ce ƙullutun da ya tokare ɓangaren dama ya narke. A madadin gidanmu nake wannan godiya.

Da haki abin ya fara, sai kumburin ƙafa, har ta kai Inna ba ta iya sujada sai a zaune. Aka yi hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti, aka ga ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya. A ƙasarmu tarin fuka ake fara zargi in an ga haka, kuma da dalili, don shi ya fi kawo shi. Aka zuƙe ruwan, aka fara maganin tarin fuka, amma ruwa ya dawo.

Godiyata ta farko ga matashiyar likitar da hankalinta bai kwanta ba. Ita ta nace a yi hoton CT, aka zura siririn bututu ta jijiyar wuya aka gutsuro ɗan nama daga cikin zuciya. Sakamako ya nuna limfoma ce, kansar fararen ƙwayoyin jini da aka saba gani a kaluluwa, amma ta Inna a zuciya ta tsiro, abin da ba kasafai ake gani ba. Likita, ranar kin zauna da mu kin yi mana bayani da Hausa har muka gane. Allah Ya saka miki da aljanna.

Ba a yi tiyata ba. Ƙarin ruwan magani aka yi, haɗin magungunan kansa da ake kira R-CHOP, sau 6, duk bayan kwana 21. Na farkon a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura na bin bugun zuciyarta dare da rana, saboda ita kanta narkewar ƙullutun na iya rikita bugun. Ma'aikatan jinyar da suka kwana a kanta, ba mu da bakin gode muku.

Kawu da ya sayar da shanunsa biyu, matasan unguwa da suka ba da jini, maƙwabta masu aiko kunu kullum, limaminmu da jama'ar masallaci, Allah Ya biya ku da mafificin alheri.

Gashinta ya fara fitowa, tana cin tuwo. Masu zuwa dubiya ku yi mana uzuri, garkuwar jikinta ba ta gama dawowa ba, mai mura ya kira ta waya. Za mu koma asibiti bayan wata 3, a ci gaba da sa ta a addu'a.