Gama sakandare daban, samun jami'a daban: abin da aiki ya koya min a Kalifoniya

Aikina a nan Kalifoniya taimaka wa malamar ba da shawara ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati, ni ke jera takardun sakamakon yara, in kira iyaye, wani lokacin in yi tafinta idan iyayen 'yan yankinmu ne. Abu ɗaya da aikin nan ya cusa min a kai shi ne, sharuɗɗan da ake gama sakandare da su daban, waɗanda jami'a ke nema daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu tun aji 9 take fara buɗewa ba wanda ya lura, sai an zo aji 12 ana shirin ɗinkin rigar yaye ɗalibai sannan a ga ramin.

Sakandare a Amurka shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, kuma babu wata jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya irin WAEC da za ka zauna a ƙarshe ka wanke laifinka na baya. Kowace jiha da dokarta. Abin da ke bin yaro shi ne takardar sakamakonsa, duk darasin da ya ɗauka da makin da ya ci, zango bayan zango, yana nan a rubuce. Mu da muka taso a tsarin da mutum zai yi wasa shekara biyu ya zo ya kwana karatu wata uku ya fita da kiredit tara, wannan abu yana mana wuyar shiga kai, gaskiya ni ma sai da na ga fayil da yawa kafin ya zauna min.

A Kalifoniya mafi ƙarancin abin da jiha ta gindaya don a ba ka shaidar kammalawa shi ne Turanci shekara 3, lissafi shekara 2, kimiyya 2, tarihi da zamantakewa 3, motsa jiki 2, sai shekara ɗaya ta zane ko kiɗa ko wani harshe ko koyon sana'a, gundumomi da yawa kuma suna ƙara nasu a kai. To amma jami'o'in gwamnatin jihar, wato UC (University of California) da CSU (California State University), suna da nasu jerin da ake kira A zuwa G, darussa 15 na shekara-shekara: Turanci 4, lissafi 3, kimiyya 2, tarihi 2, wani harshe da ba Turanci ba shekara 2, fasahar zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo 1, da zaɓi 1. Ka ga ke nan yaro zai iya cika na jiha tsaf, ya sa hula ya hau dandamali a tafa masa, alhali ko fom ɗin jami'ar jiharsa bai cancanci cikewa ba saboda shekara ɗaya ta lissafi ko ta Sifaniyanci da bai yi ba.

Inda ya fi cin mutane kuwa shi ne makin D, don a nan maki daga A yake saukowa zuwa B, C, D, sai F wanda shi ne faɗuwa. A yawancin makarantu D ci ne, an wuce da kai, darasin ya shiga lissafin kammalawa. A jerin A zuwa G kuma sai C ko sama da haka, D kamar ba ka yi ba ne. Akwai wani dattijo da ya zo ofis da ɗansa ɗan aji 12, ya ninke takardar sakamakon gida huɗu ya ciro ta daga aljihun gaba ya shimfiɗa min a tebur yana gyara ta da tafin hannu, ya ce Malam ai yaron nan tun da muka zo ƙasar nan bai taɓa faɗuwa ba, duba ka gani ko F ɗaya babu. Na ce haka ne Baba, amma dubi nan, na sa biro a kan D guda biyu, ɗaya a lissafin aji 10 ɗaya a kemistiri. Ya yi shiru ya dubi yaron, yaron ya dubi takalminsa. Da a aji 10 aka gano, da darussan dogon hutu sun gyara abin cikin 'yan makonni, ya sake darasin a sa sabon maki. A watan Oktoba na aji 12 kuwa, fom ɗin neman shiga UC da CSU zai rufe ƙarshen Nuwamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wai ƙofa ta rufe masa ba ne, kwalejin shekara biyu tana karɓar kowa kuma daga can ana tsallakawa jami'a, har akwai yarjejeniyar tabbacin gurbi da rassan UC guda shida ga wanda ya cika sharuɗɗa, hanya ce mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, ni ina yawan ba da shawararta. Abin da ya dame ni kawai shi ne ba zaɓarta ya yi ba, ture shi aka yi ya faɗa.

Lissafi shi ne abin da nake fara dubawa a fayil ɗin duk ɗan aji 9, don shi hawa-hawa ne, ba a tsallake. Wanda ya yi Aljebra ta ɗaya a aji 8 zai yi Jiyometiri a 9, Aljebra ta biyu a 10, share fagen Kalkulas a 11, ya kai Kalkulas a 12. Wanda ya fara ta a aji 9 zai tsaya mataki ɗaya ƙasa sai dai in ya haɗa biyu a shekara ɗaya ko ya yi na hutu. Ga mai son karanta tarihi ko aikin jarida wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, amma yarinyar da ke ce min Malam ni injiniya zan zama, dole in gaya mata tun yanzu inda matakalarta za ta ƙare. Kuma abin haushi, sau da yawa wannan hukuncin an yanke shi tun tana shekara 13, da wata 'yar takarda da aka aika gida aka sa hannu ba a karanta ba.

Wani abu da iyaye ba su cika sani ba, UC tana lissafa GPA ɗinta, wato matsakaicin makin ɗalibi, daga darussan aji 10 da 11 ne, ɗan jiha yana buƙatar aƙalla 3.0, na waje 3.4, kuma tana so a gama 11 daga cikin darussa 15 ɗin nan kafin a shiga shekarar ƙarshe. Ma'ana lokacin da gida ya farga aka fara yi wa yaro faɗan ka dage bana shekarar ƙarshe ce, alƙaluman da za a auna shi da su sun riga sun bushe. Wasu jami'o'in kuma tun daga aji 9 suke kallo. Su darussan AP da ake rububi, wato darussa masu matakin jami'a da ake ɗauka tun a sakandare, waɗanda ake jarrabawarsu a watan Mayu ana ba da maki 1 zuwa 5, suna da amfani, amma ni ra'ayina guda biyu da yaro zai iya ya fi guda biyar da za su hana shi barci su jawo masa C a ko'ina. Na ga masu ƙoƙari da yawa sun ƙone a aji 11 saboda gasar da iyaye ke yi a tsakaninsu, ɗan wane ya ɗauki kaza.

Maganar SAT da ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, kuwa ba na ɓata lokaci a kanta sosai, sai dai in ce a duba kowace jami'a da kanta don abin yana ta juyawa. UC ta daina dubawa gaba ɗaya, MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth da Brown suka sanar da dawo da nasu a 2024. Abin da yayanka ya sani shekara huɗu da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki ba.

Sai kuɗi, wanda a gidaje da yawa ba a son a yi maganarsa a gaban yara, kuma wallahi wannan kunyar tana da tsada. Fom ɗin tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, a ka'ida 1 ga Oktoba yake buɗewa, kuma takardun harajin shekara biyu baya yake amfani da su, wato kuɗin da iyaye suka samu a shekarar da yaro ke gama aji 10 yana shiga 11 shi za a duba. Uban da bai cike harajinsa daidai ba a wancan lokacin, ko yana aikin hannu bai ajiye komai a rubuce ba, ɗansa ne zai sha wahalar. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya mafi yawa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, na jiha kuma, Cal Grant, ranar rufewarsa 2 ga Maris. Wanda ya makara ba don bai cancanta ba ya rasa. Ni dai na fi son uwa ta zaunar da 'yarta tun aji 10 ta ce ga abin da za mu iya ga abin da ba za mu iya ba, da a bar ta ta sa rai a makarantar da ta ba ta gurbi amma ba kuɗin zuwa, sai kuka a watan Afrilu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowane jadawali, wato a san ka. Ƙungiyar malaman ba da shawara ta Amurka ta ce kamata ya yi kowane malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, a makarantu da dama kuwa abin ya wuce haka nesa, to wa zai tuna da yaron da bai taɓa leƙo ofis ba? Yaranmu an koya musu kawaici, ba sa tambaya, ba sa ɗaga hannu, a gida ladabi ne amma a nan sai malami ya ɗauka ba ruwansu. Ran da aka zo neman wasiƙar shaida, wadda jami'o'i da dama da ke kan Common App, wato fom ɗaya da ake neman jami'o'i da yawa da shi, ke so daga malaman aji 11, sai a rubuta musu layi huɗu marasa gishiri, yaro ne mai natsuwa yana zuwa a kan lokaci. Haka wurin rubuta ayyukan da kake yi bayan makaranta, fom ɗin yana da gurbi goma, sai yarinya ta ce min ita ba ta yin komai, ina bincikawa sai in tarar ita ke ɗauko ƙannenta uku kullum, ita ke yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti, ranar Asabar tana koyar da yara karatu. Duk wannan ana rubutawa kuma ana ƙirga shi, amma sai in an riƙa ajiye lissafinsa tun da wuri, don a aji 12 ba mai tuna yaushe ya fara da awa nawa yake yi.

Shi ya sa yanzu duk ɗan aji 9 da ya zauna a gabana ba na tambayarsa me kake so ka zama, don amsar za ta canza sau biyar kuma ba laifi ba ne. Takarda ɗaya nake ɗaukowa mai gida huɗu, mu cike ta daga aji 12 mu gangaro baya da fensir, mu ga waɗanne darussa ne in ya bar su wata ƙofa za ta rufe, sai mu bar ƙofofin a buɗe. Duk ƙarshen zango a sake dubawa, in D ta fito a yi maganinta a hutun da ke tafe.

Kuma ko bayan an samu gurbi aiki bai ƙare ba, don gurbin da sharaɗi yake zuwa. Yawancin jami'o'i 1 ga Mayu suke so ka ba su amsa, daga nan sai jikin yara ya mutu, a daina aikin gida a shiga hidimar hotuna da liyafa. UC kuwa tana jiran takardar sakamako ta ƙarshe zuwa 1 ga Yuli, kuma D ko F a zangon ƙarshe tana iya sa a janye gurbin, don haka watan Mayu ma haka nake yini ina bin 'yan aji 12 a baranda ina tambayar wa bai miƙa aikin kemistiri ba.