Sunan da na sa wa surukata a waya ya tona min asiri

Wata biyar kenan da faruwar abin nan amma har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni direba ne a nan Makka, ina ɗaukar masu Umara tsakanin Makka da Jidda, wani lokacin har Madina, kuma duk wanda ya san wannan sana'ar ya san yadda baƙuwar lamba ke damun mutum musamman a azumi, wannan ya kira yana neman mota wancan ya kira wai daga banki yake ka turo masa lambar da ta shigo maka. To wani abokina a unguwar Shari'a Mansur ya ce in sauke irin manhajar nan mai nuna sunan mai kira, kyauta ce. Na sauke, ta nemi izinin shiga lambobin wayata, ban ko karanta ba na danna na yarda, lokacin ina riƙe da kofin shayi a ɗaya hannun. Dannawa ɗaya tak.

Abin da ban gane ba shi ne ina ita manhajar take samo sunayen da take nuna min. Ashe daga wayoyin mutane irina take kwasa. Kowa ya sauke ta sai ta ɗebe littafin lambobinsa gaba ɗaya ta loda a rumbunsu, da lambar da kuma sunan da ka rubuta da hannunka, shi ya sa in ka binciki lambar mutum za ka ga jerin yadda jama'a suka ajiye shi a wayoyinsu. Na yi sati biyu ina ta bincikar lambobin mutane ina dariya, wani an sa masa "mai bashi", wani "kar a ɗaga", ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba cewa nawa ma suna can wasu na dariya.

Ni kuwa shekara uku da suka wuce mun ɗan samu saɓani da mahaifiyar matata kan maganar tafiya gida Kano, cikin fushi na canza sunanta a waya zuwa "Surukata Sababi". An shirya tuni, na manta ban gyara ba. Ran nan bayan sallar isha'i ƙanin matata ya zo gidanmu a Misfala, yaron nan da muke wasa da shi, ya zauna yana wani murmushi ya miƙo min wayarsa ya ce "Yaya, duba yadda mutane suka ajiye lambar Hajiya." Na duba. Hajiya Babba, Umma, Maman Rusaifa, sai ga nawa a layi na huɗu. Hajiya 'ya'yanta mata uku ne kuma ɗaya ce kawai ta yi aure, ka ga babu ma ta inda zan ce wani ne. Matata ta leƙo ta karanta, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi "Baban Ummi, haka ne?" Wallahi gara ta zage ni.

A daren na goge manhajar, a banza, don magana zarar bunu ce, abin da suka kwasa yana wajensu. Sai da na nemo shafinsu na cike fom na cire lambata, amma wannan tawa kaɗai ta shafa, ta Hajiya sai da izininta, kuma wa zai je ya yi mata bayanin dalili? Abin da ya fi ƙona min rai ma ba ni kaɗai na tona ba, lambobin fasinjojina mata da na kafilina, wato wanda ya tsaya min a zaman Saudiyya, da na 'yan uwa a gida duk na bayar da su ba tare da wani ya tambaye su ba.

Tun daga nan na zama mai bin diddigi. A Android daga na 12 zuwa sama akwai wajen da ke nuna maka a saiti wace manhaja ta taɓa lokeshin ko kyamara ko makirfo cikin awa 24 da suka wuce, na shiga na tarar da wata ta tocila da wani wasan yara da Ummi ta sa min suna da izinin lokeshin. Tocila me za ta yi da inda nake? Na rufe musu, na mayar da sauran kan "sai lokacin da ake amfani da ita", na kuma goge lambar talla da ke cikin wayar wadda da ita ake haɗa bayananka daga manhaja zuwa manhaja. Mai iPhone shi tun 2021 wayar ke tambayarsa ko ya yarda a bibiye shi, ka ce a'a kawai, babu abin da zai lalace.

Har manhajar lokutan salla ban ƙyale ba, don a 2020 kafar labaran fasaha ta Motherboard ta fitar da rahoto cewa bayanan lokeshin na masu amfani da manhajar lokutan salla ta Muslim Pro suna zuwa wajen wani kamfani X-Mode wanda cikin masu saye a hannunsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Su Muslim Pro sun musanta sayar wa soja kuma sun raba gari da kamfanin. Yanzu garin kawai nake zaɓa da hannu, balle ni da nake jin kiran salla daga Harami ma me zan yi da lokeshin. Saudiyya kuma tana da dokar kare bayanan mutane tun Satumbar 2023, amma doka ba za ta hana yatsanka danna na yarda ba in kana sauri.

Hajiya dai labari ya kai mata, ta bakin wa ban tambaya ba. Na je da kwalin dabino da turare na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, ta sa aka kawo min gahawa, ba ta tayar da maganar ba ko kaɗan. Sai da zan tashi ta ce "To Allah ya yi albarka, ka gaida gida, ka ce in ji Sababi." Jiya ma na sa ƙanin matata ya sake dubawa, sunan yana nan, ya ma hau layi na uku.