Kunun Inna

Yau gab da magariba na tarar da samarin unguwarmu suna sauke kuloli daga adaidaita sahu: kunun tsamiya da ƙosai na buɗa-baki. Karo-karo suke yi, ba mai biyansu ko sisi. Na bi su gidan wata tsohuwa da idonta ya mutu. Ɗayansu, mai gyaran waya a bakin titi, ya durƙusa ya kama hannunta ya ɗora kan kofin. "Inna, da zafi, a hankali." Ta laluba kansa ta ce, "Kai ne na jiya? Allah ya yi maka albarka."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kullum ta ƙofar gidan nan nake wucewa masallaci, ban taɓa sanin ita kaɗai take kwana a ciki ba.