Rigar ɗawisu da na gani a Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman teloli da mata masu surfani. Da fatan kowa yana lafiya. Mu nan sanyi ya hana mu sakat.

A wani tsohon gidan masu hannu da shuni da ake kira Kedleston Hall, a yankin Derbyshire, na taɓa tsayawa gaban wata riga har ƙafafuna suka yi tsami. Ta Mary Curzon ce, Ba'amurkiya, matar wakilin sarkin Ingila a Indiya. Ta sa ta ne a liyafar dare ta babban bikin murnar naɗin sarkin Ingila da aka yi a birnin Delhi a watan Janairun 1903, wata guda kafin Turawa su ci Kano. Mu ana gyaran ganuwa, su ana rawa.

Tun daga ƙirji har ƙasa siffar gashin ɗawisu ce, amma da zaren zinariya da na azurfa aka yi, wannan na hawa kan wancan ba masaka tsinke. A idon kowane gashi akwai wani ɗan abu kore mai walƙiya, sai ki rantse dutse ne mai tsada. Ashe fiffiken ƙwaro ne! Wani ƙwaro ne na can Asiya, Indiyawa sun daɗe suna ado da shi, ga shi ba ya koɗewa. Azurfar ta yi duhu da tsufa, shi kuwa yana nan kamar jiya aka ɗinka. Bakin ƙasan an zagaye shi da fararen furanni na siliki. Nauyinta ya haura kilo 4, baiwar Allah ta kwana da shi a jiki tana gaisawa da baƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da rigar ta tafi da shi: gidan ɗinki na Worth da ke Paris, wanda Bature ɗan Ingila Charles Frederick Worth ya buɗe a 1858. Alhali aikin da ya ci ido da yatsu, wanda ake kira zardozi, maza masu allura ne suka yi shi a Indiya. Gunduwa-gunduwa aka kai Faransa, can aka yanka aka harhaɗa. Sai na tuna mai zaman wata da watanni kan aska takwas, ranar sallah kuwa Alhaji ake yabo.

Af, kafin na manta. Idan akwai tsohuwar riga mai zaren azurfa a adakar Hajiya, don Allah kar a rataye ta, nauyin zaren ne ke yaga yadin. A shimfiɗe ta, nesa da rana da laima.

A gaida yara.