Yaron Disamba da littafin Baba

Ni fa ranar da na fara shiga filin ƙwallon gora na ƙanƙara, wallahi ban san me nake kallo ba. Karatun ƙididdiga ne ya kawo ni Ontariyo a Kanada, kuɗin haya ya shaƙe ni, sai wani ɗan ajinmu ya ce akwai wata ƙungiyar matasa da ke neman wanda zai zauna da laftof yana danna maɓalli duk sanda aka buga, ko aka ƙwace, ko aka zubar. Na ce in dai danna maɓalli ne ai ko ina gyangyaɗi zan iya. Ashe ban san dawan garin ba.

Da farko ma abin da suke bugawa ba ƙwallo ba ne, wani ɗan faifan baƙar roba ne, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, a firji ake daskarar da shi kafin wasa don kar ya yi ta tsalle. Filin ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, mutum biyar-biyar da gola, kuma ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da mutum zai yi minti 90 yana ciki, a nan daƙiƙa 45 ko kusa da haka yaro zai yi ya fito yana haki wani ya tsallaka katanga ya shiga, wasa na tafiya ba a tsaya ba. Sati biyu na yi ina neman faifan nan da ido kamar mai neman allura a cikin rairayi. Da na fara ganinsa sai na ɗauka shikenan na iya aiki.

Aikin da aka ba ni daga baya shi ne bin yara 'yan shekara 15, waɗanda za a zaɓa a watan Afrilu zuwa gasar OHL, ɗaya daga cikin manyan gasannin matasa uku na Kanada, sauran biyun su ne WHL ta yamma da QMJHL ta Kebek da gabar gabas. Daga waɗannan gasannin ne kaso mai tsoka na 'yan wasan NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ke fitowa. An haɗa ni da wani dattijo mai zaƙulo 'yan wasa, ya fi shekara talatin yana wannan yawon daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan cikin dusar ƙanƙara. Ni Baba nake ce masa, ya tambaye ni ma'anarsa sau ɗaya, na faɗa masa, ya ce to ya karɓa. Ba ya zama a tsakiya inda iyaye ke ihu, can sama a lungu yake zama da kofin kofi da ɗan littafin da ya sha jiki, kuma kullum sai ya riga kowa zuwa don ya ga yaran suna ɗumama jiki.

Akwai yara biyu da suka koya min hankali, ba zan faɗi sunansu ba. Na farko ɗan gaba ne, ƙato, shekara 15 amma har ya fara aske gemu, in ya ɗauko faifai daga tsakiya sai dai a kauce, ture yara yake kamar an saki bijimi a kasuwar kaji, kusan kowane wasa sai ya ci. Na biyu ɗan baya ne, ɗan firit, kwalkwalinsa ma kamar ya fi ƙarfin wuyansa, in aka haɗu a jikin katanga sai ka ji tausayinsa. Bayan wasa shida na haɗa jadawalina mai kyau da launuka, ƙaton yana sama, ɗan firit ɗin yana can ƙasa saboda yawan faɗan katanga da ya sha kaye. Na kai wa Baba ina jin kaina.

Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sai ya ce, ɗana, wane wata aka haifi kowannensu? Na ce ban sani ba, me ya haɗa wata da wasa? Ya ce je ka duba. Ƙaton Janairu, ƙaramin Disamba. Wata goma sha ɗaya ne tsakaninsu amma aji ɗaya suke bugawa, saboda a Kanada ranar 1 ga Janairu ce ke raba shekara. A wajen babba wata goma sha ɗaya ba komai ba ne, amma a shekara 15 wani ya gama balaga wani ko murya bai fasa ba. Kuma abin kunyar, ni da nake karatun ƙididdiga ban san cewa tun 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kanada mai suna Roger Barnsley da abokan aikinsa sun rubuta a kan wannan ba, sun nuna yadda 'yan farkon shekara suka cika manyan ƙungiyoyin matasa fiye da 'yan ƙarshen shekara. Dalilin ba sihiri ba ne. Yaron Janairu tun yana ɗan shekara 8 ya fi girma, sai a ɗauke shi a ƙungiya mafi ƙarfi, ya samu koci mafi kyau da lokacin atisaye mafi yawa, kafin ka ce kwabo tazarar da ta fara daga kalanda ta koma tazarar gaske. Daren nan na koma gida na ƙara layin ranar haihuwa a jadawalin, na sa shi kafin sunan ma.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne wanda ya biyo baya. Wasa na gaba Baba ya rufe min laftof da hannunsa ya ce yau ba danna komai, faifan nan na iyaye ne, su suka biya kuɗin kallonsa, kai yaron Disamba kawai za ka kalla, ko faifai yana wajensa ko ba ya wajensa. Ya ce duk sanda aka wurga faifai bayan ragarsu ya juya zai je ɗauka, ƙirga min sau nawa yake waiwaye kafin ya isa.

Na ƙirga. Sau biyu, wani lokaci uku. Yana gudu ya nufi katanga, mutum na bin sa a baya da niyyar manna shi da bango, amma sai ka ga kansa ya yi firit hagu, firit dama, kafin sandarsa ta taɓa faifai ya riga ya san inda kowa yake. Akwai wata dabara da ya yi da har yau nake gani a idona, ya waiwaya ya ga mai bin sa ya karkato ta dama, sai ya ɗan jingina kafaɗa kamar dama zai yi, mutumin ya biyo, shi kuma ya murɗa ƙafa ya zagaye raga ta hagu ya miƙa wa ɗan gabansu faifai daidai kan sanda, duka abin bai kai daƙiƙa uku ba. A laftof ɗina da wannan zai fito ne a matsayin fas guda ɗaya, daidai da wanda kowane yaro zai yi ba tare da kowa a kansa ba. Sannan na gane dalilin da ya sa yake shan kaye a katanga, ƙarfi ne ba shi da shi, kuma da yake ya san haka, mafi yawan lokaci ba ya bari ma a kai ga katangar.

Ƙaton kuwa da na kalle shi da wannan idon sai jikina ya yi sanyi. Ba ya waiwaye, don bai taɓa buƙatar waiwaye ba. Kansa a ƙasa, idonsa a kan faifai, wanda ya tare shi ya sha ƙasa. Baba ya ce ba laifinsa ba ne, jikinsa ne ya hana shi koyo, kuma shekara mai zuwa zai haɗu da 'yan shekara 19 da 20 waɗanda suka fi shi nauyi, ranar ce za mu san ko ɗan wasa ne. Tambayar da ake biyan mu mu amsa, in ji shi, ba wa ya fi yau ba ce, kowa a filin nan ya san wa ya fi yau har mai sayar da kofi. Tambayar ita ce wa zai fi in duk sun gama girma.

Daga nan ya fara buɗe min sauran. Gudu a kan ƙanƙara ba saurin miƙe ba ne kawai, taku uku na farko yake kallo, da yadda yaro ke lanƙwasa gwiwa, da yadda yake hawa gefen wuƙar takalmin in zai juya, wani yaron in ya juya hagu kamar ruwa, in ya juya dama kamar tsohuwar tifa. Yana kallon benci bayan yaro ya yi kuskure an ci su, zai buga sanda ne ya zargi gola, ko zai zauna ya saurari koci. Har tsawon uban yaro yake leƙawa a wajen ajiye motoci, da girman hannu da ƙafar yaron, wai don ya ƙiyasta sauran girman da ya rage. Wannan na ƙarshen dai ni ban gama yarda da shi ba, ya yi min kama da duba.

Kuma kar ku ɗauka komai Baba ya faɗa daidai ne. Yana son yaron Disamba sosai har idonsa ya rufe a kan wasu abubuwa. Da na koma bidiyo na bi wasa goma, sai na ga in aka matsa masa ta inda dole ya yi amfani da bayan sanda, yana zubar da faifai fiye da kima, kuma bugunsa daga shuɗin layi, inda 'yan baya ke tsayawa su bugo daga nesa, ba ya isa raga da ƙarfi. Na nuna masa, ya yi shiru, ya ce bai lura ba, ya rubuta a littafinsa. Ranar na ji kuɗin makarantata ba su tafi a banza ba. Haka kuma maganarsa ta cewa basirar wasa ba a koyar da ita, sai dai a haife ka da ita, ni ina da ja. Na ga koci yana tsayar da atisaye yana tilasta wa yara su faɗi launin rigar wanda ke bayansu kafin su karɓi fas, kuma na ga wasu sun canza cikin wata uku. Ba za su kai yaron Disamba ba, amma sun canza.

Sana'ar nan cike take da kunya, har manyanta. A 1993 Ottawa ta ɗauki Alexandre Daigle na farko a duk zaɓen NHL, kowa na cewa an samu tauraro, wanda aka ɗauka na biyu, Chris Pronger, shi ne ya ƙare a zauren gwarazan wasan. Pavel Datsyuk ɗan Rasha sai a lamba ta 171 Detroit ta ɗauke shi a 1998, bayan an tsallake shi a zaɓukan baya. Martin St. Louis ko ɗaukarsa ba a yi ba saboda gajere ne, a 2004 ya zama gwarzon NHL kuma ya ci kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da Tampa Bay, daga baya ya zama kocin Montreal. Sam Bennett a gwajin ƙarfi na kafin zaɓen 2014 ko sau ɗaya ya kasa ɗaga jikinsa a kan ƙarfe, aka yi ta masa dariya a intanet, Calgary ta ɗauke shi na 4 duk da haka, a 2025 shi ne gwarzon wasannin cin kofi da Florida. Baba ya fi son kawo Lane Hutson, ɗan baya ƙarami da ya zauna har lamba ta 62 a 2022 sannan ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a 2025, duk sanda ya ambace shi sai ya nuna yaronmu da haɓa. Ni kuma sai in tuna masa cewa ƙananan da aka tsallake kuma suka ɓace ba wanda ke ba da labarinsu, sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Da ya ji ni ɗan Najeriya ne ma abin da ya fara ce min shi ne Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Calgary. Na ce masa a gida ba wanda ya san shi, ya kama baki.

Wani abu da ya dame ni har yanzu, yara ne fa. Akwai wasan da yaron Disamba ya buga kamar bai taɓa sa takalmin ba, na rubuta masa maki mara kyau, daga baya muka ji zazzaɓi ya kwana da shi. Da a ce ranar ce kaɗai wani mai zaƙulowa ya zo daga nesa ya gan shi, shikenan an rufe littafinsa. Tun daga lokacin ba na yarda in rubuta hukunci a kan yaro sai na gan shi a gida da waje, a ranar da suka ci da ranar da aka lallasa su, kuma a cikin rahoton ina rubuta sau nawa na gan shi don mai karantawa ya san nauyin maganata.

Afrilu ta zo. An ɗauki ƙaton da wuri kamar yadda kowa ya zata, ba mu muka samu ba. Yaron Disamba ya zauna har zagayen can baya, Baba ya yi ta magana a ɗakin har aka gaji ƙungiyarmu ta ɗauki yaron don a huta da Baba. A sansanin atisaye na ƙarshen bazara na gan shi ya shigo da jakarsa, ya ƙara tsawo kaɗan, murya ta fashe, wuyan dai har yanzu siriri. Ba a ajiye shi a babbar ƙungiya ba, an mayar da shi ƙaramin aji ya ƙara shekara ɗaya, an ba shi takarda mai abu biyu da zai gyara, bayan sanda da ƙarfin bugu, kuma na farkon daga bidiyona ya fito. Ƙaton na gan shi a watan Nuwamba suna wasa da mu, wani ɗan shekara 20 ya karɓe shi a tsakiyar fili kansa na ƙasa, ya tashi da kyar ya koma benci. Da ya sake shigowa aka turo masa faifai a jikin katanga, kafin ya karɓa na ga kansa ya juya sau ɗaya. Na kalli lungun sama, Baba ya riga ya buɗe littafi yana rubutu.