Lokacin Allah ba daga ragowa ake fitar da shi ba

Mako guda awa 168 ne. Barci ya kwashe kusan 50, aiki da zirga-zirgar hanya su kwashe wasu 50 ko fiye, abin da ya saura kuma yara da hidimar gida da waya su raba. Mai bin da yake cewa zai yi addu'a idan ya samu sarari yana jiran abin da ba ya zuwa ne, domin hidima ba ta barin saura. Maganar Matiyu 6:33 ta a fara biɗan Mulkin Allah, ba ga masu zaman kashe wando Yesu ya yi ta ba. Ya yi ta ne ga mutanen da tunanin ci da sha da sutura ya sha musu kai.

Minti 15 na addu'a da karatu a rana, idan aka tara, awa ɗaya da minti 45 ne a mako, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Saboda haka ba lokacin ne babu ba, ba a yanka masa gurbi ba ne.

Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. Da sanyin safiya ake kama fara, gaskiya ne, amma tun daren jiya ake shirya safiyar. Wanda ya matso da ƙararrawar tashi da minti 20 bai matso da lokacin kwanciya ba, kwana uku ko huɗu zai yi jiki ya ƙi, sai ya ɗora laifin a kan raunin bangaskiya alhali bashin barci ne. Ka kwanta da wuri daidai gwargwadon abin da ka rage. Ka sa waya caji inda sai ka taka kafin hannunka ya kai gare ta, ka bar Littafi Mai Tsarki a buɗe a shafin gobe. In a waya kake karatu, kashe data tun dare, don saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya cinye minti 15 ɗin gaba ɗaya.

Rabon lokacin ba wuya: minti 2 na yin shiru, 7 na karatu, 5 na addu'a, ɗaya na rubuta abu guda da za ka aikata yau saboda abin da ka karanta. In bakinka ya rasa abin faɗa, bi Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13 gaɓa-gaɓa, kana sa sunayen mutane da bukatun ranar a ƙarƙashin kowace.

Inda aka fi faɗuwa shi ne tsarin karatu. Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da sura 1,189, kuma wanda ya karanta uku kullum, biyar ran Lahadi, zai gama a shekara. Tsari ne mai kyau, amma ba na mai farawa ba. Mutum ya ɗauko Farawa ran 1 ga Janairu da zafinsa, kafin wata ya ƙare ya shiga awon alfarwa a ƙarshen Fitowa, daga nan ya tarar da dokokin hadaya a Littafin Firistoci. Ya tsallake kwana huɗu, bashin sura 12 ya hau kansa, kunya ta hana shi komawa. Abin da ya fi dacewa da mai yawan hidima shi ne Sabon Alkawari: sura 260 ne cif, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 an gama, ga kwana biyu na numfashi kowane mako. Fara da Markus, sura 16 ne kawai kuma labarin yana tafiya da sauri. Ranar da ta kuɓuce kada ka biya bashinta, ci gaba daga inda ka tsaya. Abin da za ka guje wa shi ne fashin ranakun karatu biyu a jere.

Ba kowa ne safiyarsa take hannunsa ba. Mai jego, mai aikin dare a asibiti, direban da ke fita kafin gari ya waye, kada wani ya ɗora musu nauyin da Allah bai ɗora ba. Su ɗaura lokacin a jikin abin da ba ya fashi kullum: shayarwar farko, hutun tsakar rana, zaman mota kafin a tada inji. Daniyel yana cikin manyan masu riƙe da mulkin ƙasa, duk da haka Daniyel 6:10 ya ce sau uku a rana yake durƙusawa, kamar yadda ya saba. Nehemiya kuwa tsakanin tambayar sarki da amsarsa ya yi tasa addu'ar.

Akwai ɓarawon da ba a cika zargi ba, wato hidimar ikilisiya kanta. Kwamiti Litinin, koyon waƙa Laraba, taron matasa Juma'a, mutum yana coci kusan kullum amma ya yi wata bai zauna shi kaɗai da Maganar Allah ba. Marta ma Yesu take wa hidima lokacin da ya ce mata hankalinta ya rabu a kan abubuwa da yawa, a Luka 10. A ganina, duk wanda hidima ke ci masa yamma fiye da biyu a mako, sujadar gida kuma ta mutu, ya kamata ya je wurin fasto ya ajiye ɗaya.

Sujadar Lahadi ran Asabar ake gyara ta: wanki, guga da sayayya su ƙare kafin dare. Wanda aiki ya riƙe ran Lahadi ya nemi zumuntar tsakiyar mako, kada fashin taro ya zama masa jiki kamar yadda Ibraniyawa 10:25 ya yi kashedi. Baiko ma haka, 1 Korantiyawa 16:2 ya ce a ware shi a ranar farko ta mako gwargwadon samu. Ware naka ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka fara lissafin sauran bukatu.