Cizkek ɗin Japan ya tashi, ƙasansa bai danƙare ba

Jama'a alhamdulillah, yau cizkek ɗina na Japan, wato kek ɗin da ake yi da kirim ciz (wani cuku mai laushi), ya fito yana rawa daga sama har ƙasa, irin na shagon Rikuro na Osaka da muke ta gani a bidiyo. Wallahi sai da na kira ƙanwata ta zo ta girgiza farantin da hannunta.

Kirim ciz ɗin ma sai da na sha yawo. Na roba mai laushi na shafa burodi shi ne ko'ina, amma ruwa ya masa yawa, mai dunƙule nake nema. Da na samu mai dunƙulen, samfurin Philadelphia, a wani babban kanti kuɗin ya min ciwo sosai, ya fi kuɗin ƙwai da bota da madara gaba ɗaya. Ku duba da kyau kafin ku biya, in an taɓa daskarar da shi a firiza zai yi gari-gari kuma ba ya komawa daidai.

Abin da ya daɗe yana ƙona min rai shi ne ƙasan kek ɗin, sama ya yi kyau ya kumbura, kin yanka sai ki tarar da wani layi mai tauri kamar roba a kwance. Ashe kwaɓin ciz ɗin ne mai nauyi yake nutsewa in bai haɗu da kumfar farin ƙwai ba. Wannan karon ciz giram 250 da bota da madara 100 ml na narka a kan ruwan zafi, na sa gwaiduwa 6 da fulawa giram 60 da kwanfulawa (sitacin masara) giram 20, na tace a rariya, kuma ban bari ya huce sarai ba, da ɗan ɗuminsa na haɗa don in ya yi sanyi kauri yake yi ya ƙi shiga kumfar. Farin ƙwan kuma da lemon tsami kaɗan, suga a hankali a hankali, na tsaya daidai lokacin da na ɗaga miksa bakin kumfar ya ɗan lanƙwasa. In ya miƙe tsaye cak ya wuce, shi ke fasa saman kek kuma juya shi wahala. Kashi uku na raba kumfar wajen haɗa ta da kwaɓin, ina kwaso daga can ƙasan kwano har ba sauran fari ko rawaya.

Obin ɗina na gas ne, lambar jikinsa ba ta faɗin gaskiya, ma'aunin zafi na sa a ciki. Digiri 160 minti 20, na rage zuwa 140 kusan minti 50, gwangwanin cikin tire mai ruwan zafi, sannan na kashe na ɗan buɗe ƙofa ya huce a ciki.

Ya ɗan sauka kaɗan, gefen ma ya yi 'yar tattara, wannan nake son gyarawa yanzu. Wacce ta san dabarar takardar gashi da ake zagaye gefen gwangwani da ita don Allah ta faɗa min, bota kuke shafa mata ko haka kuke barinta?